Kafin a Amsa: kundin aikin wata rawa a Yamai

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau muka fara. Mu shida ne, mata biyu, maza huɗu har da ni. Wurin da muka samu tsohon ɗakin ajiyar hatsi ne a Bukoki, jikka ashirin a wata. Daɓen siminti ne da ya tsattsage ta wajen ƙofa, hunturu kuma na turo ƙura ta ƙarƙashin kwano, sai mun yi shara sau biyu kafin mu tuɓe takalma.

Na faɗa musu abin da na daɗe ina juyawa a raina: rawa a kan abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, da kuma tsakaninsa da waɗanda ido ba ya gani. Irin wadda ake kira rawar zamani, wadda jiki kaɗai ke magana a cikinta. Na ce daga bori za mu tashi, don shi na buɗe ido na tarar a unguwar kakata a Adar, kuma har yau ban ga abin da ya kai shi girgiza jikin mutum ba. Kowa ya yi shiru. Autarmu ce kawai ta tambaya ko akwai kuɗin takisi. Na ce akwai na zuwa, na komawa sai Allah Ya hore.

Awa biyu muka yi muna tafiya kawai, ƙafa tsirara, daga bango zuwa bango, don tafin ƙafa ya saba da sanyin daɓen.

Laraba, 22 ga Janairu

Mako guda ke nan muna kan jifa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fagen bori ya san ta: mutum ya yi tsalle sama ya faɗo daɓas a kan mazaunai, ƙafafu a miƙe. A kan yashi ake yin ta, mu kuwa siminti gare mu, don haka muka tara tabarmi uku da wani tsohon katifa. Na karkasa ta kashi-kashi kamar yadda aka koya mana karkasa motsi a wani horo da na je a La Termitière, cibiyar rawa ta Wagadugu da Salia Sanou da Seydou Boro suka kafa: numfashi, lanƙwasa gwiwa, tashi, sakin ƙugu, sauka. Muna ƙirga takwas-takwas.

Da yamma muka ɗauka da salula muka zauna kallo. Tsallen ya yi, saukar ta yi, babu wanda ya ji ciwo. Amma ina kallo ina jin kunya. Mutane shida lafiyayyu suna kaɗa kai suna juya idanu kamar an hau su, alhali kowa na ƙirge a zuciyarsa.

Abokin aikinmu Bazabarme, wanda kakarsa ta yi zamani a fagen holle, borin Zabarmawa, can wajen Tilaberi, ya ajiye salular ya ce mini: "Yaya, doki ba ya hawan kansa." A bori ai wanda iska ke hawa shi ake ce wa doki, mace kuma goɗiya. Mu mun koyi yadda doki ke tsalle, mahayin ne babu. Na kwana da maganar.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An haɗa ni da wani tsoho mai goge, mutumin Arewa ne ta wajen Dogon Dutsi, yana zaune wajen ɗansa a Talaje. Na je da goro na gaishe shi tun Laraba, yau ya zo.

Ya zauna a kan tabarma ya kwance gogen daga cikin wani tsohon zane. Ƙwarya ce ƴar madaidaiciya an rufe ta da fatar guza, tsirkiyar izgar doki, ta yi baƙi don shan hannu. Ya ɗauko ɗan ƙaro daga aljihu ya goga wa izgar, ya ɗan ɗumama fatar a rana, ya ja sau biyu yana karkata kunne. Sautin ya cika ɗakin har kwanon sama ya amsa.

Na ce, "Baba, taken Doguwa nake so ku ja mana, mu ji yadda jiki zai bi shi."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi yaran, ya dubi ƙofa.

"Wa za ka kira wa ita?"

Na ce ba kira ba ne, wasa ne muke shiryawa na dandali.

"Ita ta san wasa ne? Ɗana, kowane iska da takensa. In ka kira sunan mutum a ƙofar gidansa, ya fito, me ka tanadar masa? Ina zanenta, ina abin yankanta, ina wanda zai sallame ta? Kuma ranar da za ku yi a gaban jama'a, ka san wa ke zaune a cikinsu?"

Ban da amsa. Ni ban yi girka ba, wato ba a shigar da ni bori ba, babu kuma wanda ya yi a cikinmu. Ya ce zai yi mana kiɗa, amma nasa na kansa, wanda ba na kowa ba ne a Jangare, birnin iskoki. Ya ja wani abu a hankali, sautuka uku ko huɗu da ke komawa kan juna, kamar mutum na maimaita tambaya. Autarmu ta tashi ba wanda ya ce ta tashi, ta tsaya tsakiyar ɗaki, ba ta yi komai ba sai tsayuwa. Minti biyar tana nan. Ban san dalili ba, amma na fi yarda da tsayuwar nan bisa duk jifar da muka yi.

Mun shirya da Baba kan jikka biyar duk zuwa, sau ɗaya a mako.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Babu atisaye yau. Na yini ina tunanin wanda zai kalla.

Wani nau'in bori da ake kira Hauka a ƙasar nan ya ɓulla, wajen Filinge, a shekarun 1920, lokacin mulkin Faransa, iskokinsa kuwa kamannin gwamna da sojan Nasara suke ɗauka. Da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya ɗauki ƴan Hauka ƴan ci-rani a Akara a shekarun 1950, ya kai Faris ya nuna, ƴan Afirkan da suka gani da yawa ransu ya ɓaci. Abin da aka ɗauka ya faru da gaske, sai dai an ciro shi daga cikin mutanen da suka san ma'anarsa an aje gaban waɗanda kumfar baki kawai za su gani. Ni da na tashi a gefen fagen, in na kwashi kaɗa kai da faɗuwa na kai dandali don a tafa mini, ina bambancina?

Sai kuma darwishan Mawlawiyya na Konya a Turkiyya, masu juyi, hannun dama a buɗe sama, na hagu yana duban ƙasa. Mabiya Maulana Jalaluddin ne, wanda ya rasu a 1273. A 1925 gwamnatin Turkiyya ta rufe zawiyoyin ɗarikun sufaye, da juyin ya dawo fili daga baya, a matsayin al'ada ya dawo, abin nuna wa baƙi. Na sha kallonsu a intanet, kyau kam ba a magana. Amma kullum ina tambayar kaina wanne ne a cikinsu ke zikiri, wanne ne ke aiki.

Na yanke: jifa ta fita. Gobe zan faɗa musu, na san Dogo, ɗaya daga cikin mazanmu, ba zai ji daɗi ba, shi ya fi kowa iya ta.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Da muka bar bori sai muka karkata wajen salla, don ita ce jikinmu ya fi sani. Tsayuwa, ruku'u, sujada, zama. Mun gina wani sashe na minti bakwai a kansu, a hankali, kamar a cikin ruwa. Ya yi kyau ƙwarai. Kyan ne ma ya sa na ji tsoro, na tafi wajen kawuna da ke limanci a wani ƙaramin masallaci a Lazare.

Bayan la'asar na same shi a zaure yana jan carbi. Na nuna masa a salula. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in mayar, ya sake kalla.

"Nan da kuka sa goshi a ƙasa, ina kuka fuskanta?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ƴan kallo."

"To ka ji."

Bai yi faɗa ba. Ya ce shi ba zai ce mini ya yarda da sana'ata ba, na san matsayinsa tun ina yaro, amma tunda na zo na tambaya zai faɗa mini iyakar da ya sani: sujada ta Allah ce Shi kaɗai, ba a ara ta. Wanda ya yi ta don mutane su gani ya san sunan abin, riya. Na ce ba salla muke yi ba, kwatance ne. Ya ce kwatancen ne ma ya fi damunsa, don yaro zai gani ya ɗauka abin wasa ne.

Na fito raina a jagule. Ni musulmi ne, ina salla, kuma na san gaskiya ya faɗa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne maganarsa da ta Baba mai goge, mutanen da ba za su taɓa zama a tabarma ɗaya ba, wuri guda suka nufa. Kowannensu cewa ya yi kar in taɓa abin da ba zan iya ɗauka ba.

Minti bakwai sun tafi. Wata ɗaya da mako guda muna aiki, abin da ke hannunmu tafiya ce daga bango zuwa bango.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Babbar cikin matan ta daina zuwa. Mahaifinta ya ji an ce bori muke yi. Na roƙi a bar ni in je in yi bayani, aka ce ba sai na zo ba. Ita ce mai mafi kyan kafaɗa a cikinmu, in ta ɗaga hannu kamar ba ƙashi. Mun koma biyar.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, mun mayar da atisaye bayan asham, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya. An ɗauke wuta sau biyu a makon nan, muka yi da fitilar salula.

Abin da nake so in rubuta jiya ya faru, kuma ba a ɗakin atisaye ba. Magariba ta kusa, ina kan hanyar gida ta wajen kasuwar Wadata, sai go-sulo ya tsayar da ni a gaban wani masallaci. Mutane sun jeru a kan tabarmi, kowa da dabino a hannu da kofin ruwa ko kunu a gabansa. Wani dattijo mai gyaran babur, hannunsa duk baƙin mai, ya riƙe dabino ɗaya tsakanin yatsu biyu, ya kai shi kusa da baki ya tsaya. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Kunnensa na wajen lasifika, idonsa na ƙasa, maƙogwaronsa ya motsa sau ɗaya. Duk jikinsa ya karkata gaba kaɗan, kamar an ɗaure shi da zare ana ja, ana kuma riƙewa. Ruwa na gabansa, babu mai hana shi, bai taɓa ba.

Minti biyu ko uku ne. Ladan ya yi kira, layin gaba ɗaya ya sauke numfashi.

A nan na ga rawar. Hawan iska ba namu ba ne, sujada ba ta dandali ba ce, amma wannan ɗan tsakanin, lokacin da mutum ya roƙa ko ya yi biyayya yana jira ba a amsa ba tukuna, kowa ya san shi a jikinsa, kuma ba mu ari kayan kowa ba in mun nuna shi. Shi ne tsayuwar da autarmu ta yi ranar da Baba ya fara zuwa.

Da dare na ba kowa dutse ƙarami maimakon dabino, na ce a kai shi baki a cikin minti uku, kar a iso. Dogo ya ce wannan ya fi jifa wuya. Hannunsa na rawa tun a minti na biyu, na ce ya bar shi ya yi rawar, kar ya ɓoye.

Laraba, 19 ga Maris

Suna ya samu: Kafin a Amsa. Muna da minti goma sha ɗaya. Gwiwar Bazabarme ta kumbura, ya huta kwana huɗu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Bayan salla na tafi Tawa gaida gida. Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, sannan a karkata arewa, yini guda a mota. Kakata ta daɗe da rasuwa, amma ƙanwarta na nan, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, kunnenta garau.

Na zauna gefen gadonta tana dama fura, na tambaye ta yadda suke roƙon ruwa a da in damina ta noƙe. Ta ce maza su fita bayan gari da hantsi tare da liman, ba ado, ba turare, a yi raka'a biyu, a yi huɗuba, sannan liman ya juya mayafinsa, na dama ya koma hagu, jama'a su juya nasu. Wannan na sani, yana cikin littattafan fiƙihu, har yau ana yi. Abin da ban sani ba shi ne abin da ke biyo baya.

"In an gama sai me, Inna?"

"Sai a koma gida."

"Shi ke nan?"

"Sai a yi ta duban gabas."

Ta ajiye ludayi ta nuna mini. Ta cire kallabinta ta juya shi bai-bai ta mayar, sannan ta ɗaga haɓa ta karkata fuska gefe guda, ido a ƙanƙance, hannu ɗaya a kan goshi, ɗayan riƙe da ƙugu. Ta ce haka uwarta ke tsayawa a bakin darni kowace la'asar, iri na cikin ƙwarya a ɗaka, an riga an yi huɗa, ba abin da ya rage sai sama. Wani lokaci kwana biyu, wani lokaci ashirin. Ta ce a shekarar yunwa, wadda ta ci dabbobin Adar a 1973 da 1974, sun duba har wuyansu ya ƙage.

Na tambaye ta ko ba su yi fushi ba. Ta ce, "Da wa?" Ta ci gaba da damunta.

Na roƙe ta ta sake tsayuwar in ɗauka a salula, ta ƙi, ta ce in na gani da ido ya isa. Na yi ta maimaitawa a tsakar gida har ta ce haɓar ta yi sama da yawa, mai roƙo ba ya ɗaga kai haka.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, sama da digiri 40 kullum, kwanon ɗakin kamar tanda. Mun koma asuba, daga an sallame salla zuwa ƙarfe takwas.

Sashe na biyu ya tsaya da ƙafarsa. Kowa na sanye da riga mai faɗi ta farin yadi, ɗinkin tela na Katako, jikka uku-uku. A tsakiyar sashen ana tuɓe ta a juya ta a mayar, amma kowa da lokacinsa, ba tare ba. Na koma wajen kawu da wannan tun kafin mu yi nisa. Ya ce juya riga ba sujada ba ce, amma kar mu jera sahu, kar a sa wani a gaba kamar liman. Mun warwatsu a fagen, kowa na duban gabas ɗinsa.

Abin da ke ba mu wahala shi ne baya. Germaine Acogny, wadda ta kafa makarantar rawa ta École des Sables a Tubab Jalau ta Senegal, a kan ƙashin baya ta gina koyarwarta, ƙafa kafe a ƙasa, gadon baya na motsi. Ƴan rawarmu sun saba da ƙugu da kafaɗa masu sauri, irin na biki. In na ce su tsaya, sai su mutu a tsaye kamar turke. Jira ba mutuwa ba ce. Ina so a ga numfashi na hawa ta baya yana sauka, a ga nauyi na ƙaura daga dunduniya zuwa yatsu. Kwana biyar muna wannan kaɗai.

Baba ya rage kiɗansa da kansa. Yanzu yana ja sau ɗaya ya bari, sai shirun ya yi tsawo har ka fara jin motocin titi, sannan ya sake ja.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun gayyaci mutum ashirin su ga abin da muka samu, minti ashirin da shida. Ƴan'uwa, maƙwabta, ƴan rawa biyu daga wata ƙungiya, da mai ɗakin. Mun shimfiɗa tabarmi, mun sayi ruwan leda.

Minti goma na farko yara na dariya, wata mata na amsa waya. Wajen juya riga aka yi tsit. Da aka gama ba a tafa nan da nan ba, na ji daɗin wannan.

Ɗaya daga cikin ƴan rawan ya ce abin ya yi sanyi da yawa, mutanen Yamai ba za su zauna rabin awa suna kallon masu tsayuwa ba, a sa ganga a ƙarshe, a yi ruwa, kowa ya yi murna. Mai ɗakin ya goyi bayansa. Na ce zan duba, kuma da gaske nake, don ni ma ina jin sashe na farko ya yi tsawo da kamar minti uku.

Sai wata dattijuwa, yayar mahaifiyar autarmu, ta ce tana da magana. Daga Harobanda take, ƙetaren gada. Ta ce a daminar 2020, da kogi ya fasa ya shiga unguwarsu, cikin dare suka fita da abin da ke jikinsu, ɗakunanta biyu na laka suka narke tana kallo. Ta ce, "Ɗana, mu ma mun roƙi ruwa a shekarar. In za ka sa a yi ruwa a wasanka, ka san wane ruwa za ka sa."

Ban iya ce mata komai ba sai na gode, Inna.

Laraba, 21 ga Mayu

Ba za a yi ruwa a ƙarshe ba, ba kuma ganga. Na faɗa wa yaran, Dogo ya yi gardama sosai, ya ce muna hana mutane abin da suka zo nema. Mun yi awa guda a kai. Bazabarme ne ya kawo abin da muka tsaya a kansa: a minti na ƙarshe iska ta taso. Iskar da ke riga hadari isowa, mai ɗauke da ƙura da ƙanshin ƙasa, wadda wani lokaci ruwa ke bin ta, wani lokaci ta wuce haka nan. Rigunan su motsa, kawunan su juya wuri guda karo na farko, fitila ta mutu.

Yadda za a yi iskar ne ba mu sani ba. Mun gwada fanka biyu na aro, ƙararsu ta kashe gogen, kuma in an ɗauke wuta ranar wasa shi ke nan. Autarmu ta ce a samo faifan tabarma babba mutum biyu su riƙa kaɗawa daga bayan fage. Mun gwada da tabarmar salla ta masu gadi, rigar Dogo kaɗai ta motsa, don shi ne a kusa. Yadin ma ya yi nauyi, sai dai a sake ɗinki da mai shara-shara, wata jikka goma sha biyar ke nan da ba mu da ita.

Na rubuta takardar neman dandalin Cibiyar Al'adu ta Umaru Ganda don bayan damina, zan kai gobe. Sashe na farko na yanke masa minti biyu, saura ɗaya ban ga inda zan cire ba. Babbar da ta bar mu ta aiko saƙo tana tambayar ranar atisaye, ban sani ba ko da izinin gida, sai na ji daga bakin mahaifinta kafin in amsa. Baba kuma zai tafi Arewa shuka da zarar ruwan farko ya sauka, ya ce kar mu sa ran ganinsa sai an yi noman farko, don haka Asabar za mu ɗauki kiɗansa a salula mu riƙa aiki da shi kafin ya dawo.